Darasi na Tara: Kafa wa Jirgin Ruwa Maɗaurin Igiya

Kwale-kwalen masunci ba ya bukatar wani ƙarfen ɗauri. In an dawo daga su, sai a tura goshinsa kan yashi, ko a soka gora a laka a zarga masa igiya, shi ke nan. Haka Sarkawan Yawuri suka gada, kuma har gobe yana yi musu aiki. Jirgin shan iska kuwa, irin wanda ake yawo da baƙi a cikinsa a tafkin Jabi da ke Abuja ko a kogin Kwara gefen Yamai, ba kullum ake samun yashin da za a ja shi kai ba. Sau da yawa a jikin kwata ake tsai da shi, ta siminti ko ta katako, mutane su hau su sauka, sannan a bar shi ya kwana kan ruwa. Irin wannan jirgi dole a yi masa wurin ɗaura igiya wanda zai riƙe shi ko da hadari ya taso cikin dare ba kowa a kusa.

Da yawa daga masu jirage a kujerar zama suke ɗaura igiya, ko a ƙarfen dafawa, ko ma a sandar rumfa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don ya ɗauki nauyin jirgi. Abin da aka yi domin wannan aiki shi ne maɗauri: ƙarfe mai gindi da ƙahoni biyu, ɗaya ya kalli gaba ɗaya ya kalli baya, ana naɗa masa igiya a ɗaure jirgi cikin daƙiƙa kaɗan, a kuma kwance shi ko da igiyar ta miƙe tantsan. A wannan darasi za mu koyi zaɓensa da kafa shi da ɗauri a kansa, kuma za mu taɓa ɗan lissafi, don haka kowa ya ajiye fensir kusa.

Girmansa da ƙarfensa

Igiya ce ke faɗin girman maɗauri, don haka da ita ake farawa. Jirgin da bai wuce mita 8 ba, igiyar nailan mai kaurin milimita 10 ta wadatar masa. Daga nan zuwa wajen mita 11, a nemi mai milimita 12. Sai a ninka kaurin igiya sau 16, abin da ya bayar shi ne tsawon maɗauri daga bakin ƙaho zuwa bakin ƙaho. Milimita 10 sau 16 ya ba da 160, wato santimita 16. A kasuwa da inci ake kiransu, kuma mafi kusa da wannan shi ne mai inci 6. Igiya mai milimita 12 tana son mai inci 8. Idan akwai fili a jikin jirgi, ni dai shawarata a ƙara mataki ɗaya sama, domin ranar da aka bukaci ɗaura igiya biyu a maɗauri ɗaya, ƙarami ba zai ɗauka ba.

Game da ƙarfen, akwai wanda ba ya tsatsa, wanda 'yan kasuwa ke kira sitenlas, akwai baƙin ƙarfe da aka yi wa rufin tutiya, akwai goran-ruwa, akwai tagulla, har da na roba. Na roba a bar shi don rataya taya ko ɗaure tuta. A ruwan daɗi irin namu, baƙin ƙarfe mai rufin tutiya yana daɗewa, ga araha. Sitenlas ya fi kyan gani. Ku duba kan notinsa, za ku ga an buga A2 ko A4. A2 ya isa a kogi da tafki, A4 kuma shi ake nema in jirgi zai shiga ruwan gishiri kamar na Legas.

A yi hattara da mai ƙyalli marar nauyi. Akwai wanda aka zuba da tutiya aka shafe shi da fari, a ido kamar sitenlas, amma ƙahonsa na iya karyewa farat ɗaya. Maganaɗisu yana tona asirin baƙin ƙarfen da aka shafe, sai dai ba ya kama tutiya, don haka kada a dogara da shi kaɗai. A ɗaga a ji nauyi, a juya a duba ƙasan gindin.

Wanda bai samu na kanti ba, mai walda zai iya haɗa masa: rodi mai santsi mai kaurin milimita 14 ko 16, a ɗora shi kan ƙafafu biyu, a liƙa a faranti mai kauri. Sharaɗi ɗaya ne, a goge duk wani kaifi da tabon walda har sai tafin hannu ya bi ta kai bai ji komai ba, sannan a yi fenti. Duk abin da ya karci hannu zai ci igiya.

Ina za a kafa shi?

Ƙaramin jirgi yana son ɗaya a goshi, da biyu a baya, dama da hagu. In da hali a ƙara ɗaya a tsakiya kowane gefe, daidai inda jirgin ya fi faɗi. Na tsakiyan nan mutane sun fi raina shi, alhali shi ne abokin matuƙin da ke aiki shi kaɗai: da ya iso kwata ya ɗaura gajeriyar igiya daga tsakiya, jirgi ya tsaya ke nan, goshi bai buɗe ba, baya bai buɗe ba, sai ya ɗaura sauran a natse.

Kafin a taɓa injin huji, a kai jirgin inda ya saba tsayawa, a riƙe maɗaurin da hannu a wurin da ake so, a ja igiya daga turken kwata zuwa gare shi a ga hanyar da ta bi. Ana son ta zo kusan a layi ɗaya da ƙahonin, da 'yar karkata kaɗan, kuma a kwance. Maɗauri yana da ƙarfi sosai in an ja shi ta tsawonsa. In an ja shi ta gefe ko sama, ƙoƙarin tumɓuke shi ake yi. A kuma lura ko igiyar tana gogar leɓen jirgi ko wani lungu mai kaifi. Sannan a tuna da fasinja: kada a kafa ƙaho a inda ake taka ƙafa wajen shiga, inda zai kama bakin zane ko babbar riga.

Daga nan sai a leƙa ƙasa. Wannan shi ne abin da gaggawa ke sa a manta. Me ke ƙarƙashin wurin? Akwai tiyon mai? Akwai wayar batir? Hannu da sufana za su kai? In ba za su kai ba, ko dai a matsa gaba, ko a yanka 'yar taga mai murfi a kusa wadda hannu zai shiga.

Abin da ido ba ya gani

Ƙarfin maɗauri ba a ƙahoninsa yake ba, yana ƙarƙashin bene, inda ba wanda ke gani. Da wuya ku ga maɗauri mai kyau ya karye. Abin da aka fi gani shi ne ya fita ɗungurungum da sukurorinsa, wani lokaci har da ɓallin jikin jirgin.

Dalili shi ne jan da ake yi masa ba ja ne na lallami ba. Iska in ta ninka gudunta biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkuwa. Mun san yadda hadarin damina yake tasowa daga gabas da guguwa a gabansa: cikin ɗan lokaci ruwan da ke kwance ya fara tashi, jirgi ya ja baya, igiya ta saki, ya dawo da nauyinsa duka ya fizge ta. Haka zai yi ta yi har iskar ta faɗi. Ko ba hadari, duk jirgi mai inji da ya wuce sai ya bar raƙuman ruwa da za su jijjiga na ɗaure. Sukuru da haƙoransa kawai yake riƙe, kuma jikin jirgin faiba bai fi 'yan milimita ba. Kowace fizga tana ɗan buɗa ramin, ruwa ya shiga, ramin ya ƙara sakewa, har ranar da zai saki gaba ɗaya.

Saboda haka ba a kafa maɗauri da sukuru, balle ƙusa. Da dogon noti ake kafa shi, wanda zai ratsa benen ya fito ta ƙasa a ɗaure shi. Wannan ma bai isa ba, sai an sa faranti a ƙasa. Baduku in zai ɗinka wa jaka hannu, yakan sa wani ƙyallen fata ta ciki don kada ɗinkin ya yage jakar. Aikin farantin ke nan: ya karɓi jan da zai taru a kan noti biyu ko huɗu ya baza shi a fili mai faɗi.

Farantin ya fi gindin maɗaurin faɗi da tsawo, aƙalla da santimita 2 ko 3 ta kowane gefe, in fili ya bari ma ya fi haka. Goran-ruwa mai kaurin milimita 6 yana yi, sitenlas mai milimita 3 ko 4 yana yi, haka ma katako mai tauri irin maɗaci ko ƙirya mai kaurin santimita 2, in an shafe shi da fenti ta ko'ina. A kashe masa kusurwoyi su zama da'ira, don kusurwa mai tsini ita kanta tana iya tsaga faiba. Kuma ya kwanta lif a jikin benen. In ƙasan yana da lanƙwasa ko gargada, a cike tsakanin da gam ɗin ifoksi mai kauri, don farantin da ya taɓa a wuri biyu kawai bai raba nauyin komai ba. Wanda ya rasa faranti sam, manyan washa masu faɗi sun fi babu, amma wannan na ƙaramin jirgi ne da ba ya kwana a ruwa.

A jirgin katako, a nemi kusa da haƙarƙari, inda jiki ya fi ƙarfi. Kada a huda dab da bakin falanki, zai tsage. A soka tsinin wuƙa a wurin tukuna: in ya nutse cikin sauƙi, katakon ya fara ruɓa, sai an canja shi kafin a kafa komai. A jirgin goran-ruwa kuwa, sitenlas da goran-ruwa in sun haɗu cikin danshi, goran-ruwan ne ke cinyewa a hankali, ya yi farin gari. A raba su da siririyar roba, a kuma shafa wa notin abin liƙi.

Yanzu lissafin tsawon noti. A ce gindin maɗauri milimita 10 ne, bene 8, faranti 6, washa 2, uwar noti 8, sai a bar rarar 5 don haƙora biyu ko uku su leƙo. Jimla 39. Mai milimita 40 za a saya, ko 45. Uwar notin kuma a nemi mai zoben roba a ciki, wadda jijjigar inji ba ta kwance ta.

Huji da ɗaurewa

A manna tef ɗin takarda a wurin, a ɗora maɗauri, a yi alamar ramuka da fensir. Tef ɗin yana hana bakin huji zamewa, yana kuma rage ɓarewar fentin faiba. A fara da siririn baki, sannan a bi da wanda ya ɗara notin da rabin milimita: notin milimita 8, rami 8.5. Injin ya tsaya a miƙe. A huda rami ɗaya tukuna, a zura noti ya riƙe maɗaurin, sannan a huda sauran ta cikin ramukan maɗaurin kansa. Ta haka ba za su kauce ba. Farantin ma da maɗaurin za a auna nasa ramukan.

Ku dubi garin da hujin ke fitarwa. In fari ne tun daga sama har ƙasa, faiba ce zalla. In kuka ga garin katako ko na soso a tsakiya, benen mai ciki ne: faiba sama, faiba ƙasa, abu mai laushi a tsakani. Irin wannan in aka matse noti sai ya lotsa, in ruwa ya shiga kuma cikin ya ruɓe. Maganinsa a buɗa ramin ya kai milimita 14 ko fiye, a toshe ƙasa da tef, a cika shi da ifoksi, a bari ya kwana ya sandare, sannan a sake huda 8.5 a tsakiyarsa. Yanzu notin yana ratsa dutsen gam ne, ruwa ba shi da hanyar zuwa ga katakon. Aikin yana cin kwana guda, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa.

A ɗan fafe bakin kowane rami ta sama ya yi kamar mazurari. Wannan yana hana fenti tsagewa, kuma yana ba abin liƙi wurin taruwa ya zama zobe a wuyan noti. A goge ƙura da maiƙo. Abin liƙin da ya dace shi ne na foliyuretan irin Sikaflex 291, ko tef ɗin butil mai danƙo. Baƙin gam ɗin da masu sa gilashin mota ke amfani da shi danginsu ɗaya, yana hana ruwa, illa dai yana kamawa ƙam, ranar cirewa za a sha wuya. Silikon na bahon wanka ba ya daɗewa a nan, kuma inda ya taɓa, wani gam ba ya kama wurin da kyau daga baya.

A shafa a gindin maɗauri da wuyan kowane noti, a zura. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a sama ya riƙe kan noti kada ya motsa, ɗaya a ƙasa ya sa faranti da washa ya juya uwar noti. Na ƙasa ne kaɗai ke juyawa, domin in na sama ya juya, ya kwashe gam ɗin da ke wuyan notin. A riƙa ɗaurewa bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, har gam ya ɓullo ta kowane gefe. Sitenlas yana da halin cijewa in an juya shi da sauri a bushe, ya ƙi gaba ya ƙi baya, don haka a ɗiga ɗan mai a haƙoran ƙarshe, a yi da sufana a hankali. Da an ji faiba ta fara ƙara, an wuce gona da iri.

Ɗauri

Igiyar ta fara zuwa ƙahon da ya fi nisa da inda ta fito, ta zagaye gindin maɗaurin. Sai ta haye ta sama a karkace, ta bi ƙarƙashin ƙaho ɗaya, ta sake hayewa zuwa ɗayan, kamar ana rubuta lamba 8. A ƙarshe a murɗa 'yar zarge a juye a saƙala a ƙaho, yadda bakin igiyar zai kwanta ƙarƙashin kansa, a ja. In an yi daidai za a ga layi biyu kwance gefe da gefe, ɗaya ya gitta ta kansu. Iyakarsa ke nan. Tulin naɗi goma ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya ɓata lokaci ranar da ake son kwancewa da gaggawa.

Wajen tsai da jirgi mai tafiya, kada a kulle igiya nan take. A zagaya gindi sau ɗaya, a riƙe, a bar ta tana zamewa kaɗan-kaɗan har jirgi ya tsaya. Yatsa kada ya shiga tsakanin igiya da ƙarfe. Kada kuma kowa ya tsaya a saitin igiyar da ta miƙe, musamman yara, domin nailan yana talewa, in ya tsinke ko maɗauri ya fita, da ƙarfi yake dawowa. Wannan ne ma ya sa ba a jan wani jirgi ko ɗaga jirgi sama da maɗaurin gefe.

Talewar nan ta nailan ita ce amfaninsa, don ita ke shanye fizga kafin ta kai ga noti. Shuɗiyar igiyar roba da ta cika kasuwa tana da araha kuma ba ta nutsewa, amma tana da santsi a ƙulli, rana kuma tana cinye ta har ta riƙa marmashewa a hannu. Igiyar goshi da ta baya kowace ta kai kashi biyu cikin uku na tsawon jirgi. Jirgi mai mita 6, mita 4 ke nan. Sai a ƙara doguwa mai tsawon jirgin duka, wadda za ta tashi daga tsakiya ko goshi ta tafi baya a karkace zuwa kwata, ta hana shi kai da komo. Inda igiya ke gogar siminti a zura mata guntun tiyo. Tsakanin jirgi da kwata a rataya tsofaffin tayoyi.

Saura batun hawa da saukar ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan tafkin yakan sauka da kusan mita 10 tsakanin cikarsa da ƙarancinsa a shekara. A Yamai kogin sau biyu yake cika: da damina, sannan da sanyi lokacin da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini yake isowa. Jirgin da aka ɗaure tsam da gajeriyar igiya a kwatar da ba ta motsi, in ruwa ya janye zai rataye a kan maɗaurinsa, in ya ƙaru kuma igiyar ta danne gefensa ƙasa. Doguwar igiya a karkace ta fi jure wannan, kuma jirgin da zai daɗe a ɗaure sai an riƙa zuwa ana gyara masa igiya. Bayan mako guda da kafa maɗauri a sake gwada notin da sufana, haka kuma farkon kowace damina. Tsatsa mai zubowa daga gindi, ko tsaga siri-siri a fenti kewaye da shi, alama ce ruwa ya samu hanya ko farantin ya yi kaɗan. A kwance a sake.

Aiki

1. Jirgi mai tsawon mita 9 zai yi amfani da igiya mai milimita 12. Nawa ne tsawon maɗaurin da ya dace da shi a santimita? Nawa ne tsawon igiyar goshi?

2. Gindin maɗauri milimita 12, bene 20, farantin katako 20, washa 2, uwar noti 8. Wane tsawon noti za ku saya?

3. Ku bayyana da bakinku dalilin da ya sa na ƙasa ne ke juya sufana, na sama ya riƙe kawai.

4. Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya samo guntun falanki, ya kafa masa maɗauri na katako ko na ƙarfe, ya zo da shi aji tare da igiya mita 2. Kowa zai ɗaura ya kwance sau biyar, na ƙarshe ido a rufe, domin sau da yawa da duhu ake isowa kwata.